Jami'o'in Kebbi da Ƙofar da Ba a Yi wa Manya Ba

Jihar Kebbi tana da jami'o'in gwamnati uku a yau: ta kimiyya da fasaha da ke Aliero wadda jiha ta kafa a 2006, ta tarayya da ke Birnin Kebbi wadda ta zo a 2013, sai ta aikin gona da ke Zuru a 2020. Ga kuma Kwalejin Waziri Umaru a Birnin Kebbi da Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie a Argungu. Duk wanda ya san yadda ƙasar nan take sa'ad da aka yanke ta daga Sakkwato a 1991, babu jami'a ko ɗaya, ya san an yi tafiya. Sai dai dukkansu da ma'auni ɗaya aka auna ƙofarsu: yaron da ya gama sakandare, yana riƙe da kiredit biyar har da Turanci da lissafi, ya ci JAMB, kuma yana da shekara huɗu ko biyar da zai iya sallamawa ba tare da wani ya kwana da yunwa saboda shi ba.

To wanda ya wuce wannan matakin fa? Manomin shinkafa mai shekara 45 a fadamar Suru, da mata da 'ya'ya a wuyansa. Matar da ke saro kaya a kasuwar Jega tana kai wa gidaje, lissafinta duk a ka. Limamin unguwa da ake kawo wa rigimar gado da ta fili. Ma'aikacin da ya cika shekara 35 a bakin aiki ko ya kai 60 da haihuwa, ya ajiye, hankalinsa garau, safiyarsa kuma ba ta da abin yi. Babu ɗayansu da ke neman digiri. Kowannensu yana da wata tambaya da ta dame shi, kuma amsarta tana cikin kan wani malami da ke zaune a ofis a hanyar Kalgo ko a Aliero. Tsakaninsu ba nisa, amma babu hanya. Hanyar da nake ganin ta dace ita ce jami'o'in su buɗe gajerun kwasa-kwasai na manya.

Za a ce ai jami'o'in Nijeriya ba su rasa ƙofofin gefe ba. Gaskiya ne. Akwai karatun share fage, akwai difloma, akwai na ƙarshen mako, akwai wanda malaman makaranta ke yi lokacin dogon hutu, ga kuma jami'ar karatu daga gida, wato NOUN, da aka kafa a 1983, sojoji suka dakatar da ita a 1984, aka farfaɗo da ita a zamanin Obasanjo. Amma duk waɗannan hanyoyi wuri guda suke zuwa: takarda. Ana shigarsu da takarda, a fito da wata takardar da ta fi ta. An yi su ne domin ma'aikacin da ke son ƙarin girma, kuma suna yi masa amfani. Wanda abin da yake so shi ne ya san abu kawai, ba a yi masa tanadi ba.

Abin da ake nufi da gajeren kwas na manya daban yake. Darasi ne guda a kan batu guda, na mako huɗu zuwa goma, zama ɗaya ko biyu a mako, awa biyu a kowane zama. Ba a tambayar sakamakon jarrabawarka kafin ka shiga, galibi kuma babu jarrabawa a ƙarshe. Jami'a takan fitar da jerin batutuwa a kowane zango, daga tarihi zuwa lafiya, daga shari'a zuwa taurari, daga kwamfuta zuwa waƙa, mutum ya zaɓi wanda ransa ke so, ya biya ɗan abin da aka yanka, in zango ya ƙare ya ɗauki wani ko ya huta. Ba ya ƙarewa, domin ba a shirya shi don a gama ba.

Tsarin ya daɗe. Jami'ar Kambirij ta Ingila ta fara tura malamanta garuruwan masana'antu su yi wa ma'aikata da mata lakca a 1873, bisa ƙoƙarin wani malami mai suna James Stuart, Oksfod ta bi sahu bayan 'yan shekaru. A 1903 aka kafa ƙungiyar ilimin ma'aikata a can, wadda ta haɗa leburori da malaman jami'a a aji ɗaya da dare. A 1973 wani farfesa a Tulus ta ƙasar Faransa, Pierre Vellas, ya buɗe wa tsofaffin da suka yi ritaya azuzuwan jami'arsa. Da abin ya isa Ingila a farkon shekarun 1980 sai suka juya shi: tsofaffin su ne ɗalibai, su ne kuma malaman junansu, tsohon injiniya ya koyar da abin da ya sani yau, gobe ya zauna a gaban tsohuwar malamar asibiti. A Amurka gidauniyar Bernard Osher tana tallafa wa irin waɗannan cibiyoyi a jami'o'i fiye da 120, na 'yan shekara 50 zuwa sama, ba jarrabawa ba maki.

Mu ma ba baƙonmu ba ne. Shekara ɗaya bayan buɗe kwalejin jami'a ta Ibadan a 1948, ta kafa sashen karantar da mutanen gari ƙarƙashin Robert Gardiner ɗan ƙasar Gana, ana aika malamai larduna suna zama da akawuna da malaman makaranta da yamma ana karanta tattalin arziki da tarihi da sha'anin mulki. A Arewa kuwa abin da ya fi zama a zukatan mutane shi ne Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950, wanda Malam Ahmadu Kumasi ya yi wa hidima, hukumar NORLA a Zariya tana buga ƙananan littattafai da jaridun larduna don sababbin masu karatu. An yi aiki na gaske. Amma tun daga nan tunanin gwamnati ya tsaya a wuri ɗaya, cewa ilimin babba shi ne koya masa baƙi da wasali. Hukumar ilimin manya ta ƙasa da aka kafa a 1990, da takwarorinta na jihohi, a nan ƙarfinsu ya tattara, kuma ba za a ga laifinsu ba idan aka dubi yawan waɗanda har yau ba su iya karatu da rubutun boko ba a wannan yanki. Matsalar ita ce mutumin da ya riga ya iya karatu, ko na boko ko na ajami, an ɗauka ya gama. An ba shi mabuɗi, an bar shi a waje.

Ni a ganina ba sai mun je Tulus ba kafin mu ga yadda ake karantar da babba. Mu leƙa zauren wani malami a Gwandu, ko Jega, ko cikin garin Birnin Kebbi bayan sallar asuba. Tabarma ce a shimfiɗe, takalma a bakin ƙofa. Ga tela, ga mai sayar da goro, ga tsohon ɗan sanda, ga saurayin da gemunsa bai gama fitowa ba, kowa da littafinsa a hannu. Wannan yana Ahalari, wancan ya kai Iziyya, dattijon can na kusurwa shekararsa ta uku ke nan a cikin Risala kuma ba wanda ya taɓa ce masa ya makara. Idan layi ya zo kanka sai ka matso, ka ja baƙi, Malam ya fassara da Hausa kalma bayan kalma, kana cewa na'am. In wani wuri ya shige maka duhu ka ce, "Allah gafarta Malam, a ɗan maimaita mini nan," ya maimaita. Ya ga ka ɗauki abin da za ka iya riƙewa, ya ce a dakata nan. Ka koma gefe kana sauraren na wasu, ko ka sa takalminka ka tafi buɗe shago. Idan damina ta riƙe ka wata uku a gona, ranar da ka dawo daga inda ka tsaya za a ci gaba. Babu rajista, babu ranar kora, kuɗi kuwa abin da ya sawwaƙa ne.

Wannan tsari ya riƙe ilimi a ƙasar nan ɗaruruwan shekaru, a garin da kabarin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo yake da sauran garuruwa. Mata ma an yi musu nasu. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta shirya 'Yan Taru: takan naɗa jaji, ta ba ta malfa, jajin ta riƙa jagorantar matan ƙauyuka, ana ɗaukar karatu a cikin waƙoƙi na harshen da matan ke ji, a koma da shi gida a koyar da waɗanda ba su samu fitowa ba. Ita ba ta jira matar ƙauye ta cika wani sharaɗi ba. Ta duba yadda rayuwarta take, ta gina karatun a kai.

Abin da zaure ya gane, jami'a ba ta gane ba tukuna, shi ne babba ba ya tsoron wahalar karatu, kunya yake tsoro. Ba zai zo inda za a tambaye shi takardar da ba shi da ita ba, ko a yi masa magana da harshen da zai riƙa gyaɗa kai alhali bai ji ba, ko a kafe sakamakonsa a allo yaran unguwarsu su karanta. Muna yawan cewa gemu ba ya hana ilimi, kuma gaskiya ne a zaure. A ofishin ɗaukar ɗalibai ne maganar ba ta aiki. Abin da zaure ba shi da shi kuma, jami'a ke da shi: ɗakin gwaji, masanin ƙasa da taki, likitan dabbobi, masanin doka, masanin tarihi da ya karanta takardun da ke ajiye a Kaduna da Sakkwato. Gajeren kwas wuri ne da za a haɗa ladabin wancan da kayan aikin wannan.

Sai dai in an kwafo na Turai yadda yake, ba zai kama ƙasa ba. Ɗalibinsu tsoho ne mai fanshon da ke shigowa kan kari, da mota, da lokaci. Namu yawanci tsakanin shekara 30 ne da 60, yana tsakiyar ɗawainiya, kuma awa biyun da zai bayar daga cikin neman abincinsa zai yanko ta. Saboda haka dole wani kaso na darussan ya taɓa aljihunsa kai tsaye.

Ɗauki shinkafa. A Kebbi aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Bankin Nijeriya a watan Nuwamba na 2015, aka ba mutane iri da taki da magani da injin ban ruwa a matsayin rance, za su biya da shanshera ko da kuɗi bayan girbi. Noma ya bunƙasa, manyan injinan casa suka samu abin yi a Argungu da Birnin Kebbi. Amma biyan bashin ya zama rigima, kuma kowa ya san haka. Wasu da gangan suka ƙi, suna ganin rabonsu ne na gwamnati. Wasu ambaliya ce ta cinye su, irin ta 2020. Akwai kuma kaso na uku da ba a cika maganarsu ba: waɗanda suka sa hannu a takardar da ba su san abin da ke cikinta ba, ba su san faɗin gonarsu da hekta ba, ba su taɓa zama sun haɗa kuɗin fetur da na ƙwadago da na taki sun raba da yawan buhunan da suka samu ba. Irin wannan manomi zai iya shekara yana faɗuwa yana zaton riba yake ci, saboda ranar da ya sayar ya ga kuɗi a dunƙule. Zama shida da malamin tattalin arzikin noma, kowa ya zo da lissafin gonarsa ta bara a yi shi a allo, zai canza yadda mutum ke kallon rance har ƙarshen rayuwarsa.

Haka albasar Aliero. Ana zuba ta a rudu ana jiran farashi ya tashi, kafin ya tashi wani kaso mai yawa ya ruɓe ko ya tsiro, ga jami'ar kimiyya a cikin garin. Haka maganin feshi, wanda ake aunawa da murfin kwalba a fesa ba takunkumi, a zuba wa wake a rumbu. Saboda ragowar irin wannan magani ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya a 2015, mu kuwa da ba mu hana kanmu ba muna ci. Maƙwabtanmu na Zamfara sun ga abin da rashin sanin abu ɗaya ke jawowa: a 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, saboda ana daka duwatsun zinariya a cikin gida inda yara ke rarrafe. Iyayen nan ba sakarkaru ba ne, ba wanda ya taɓa gaya musu cewa ƙurar dutse na iya zama guba. Ana haƙar zinariya a ƙasar Yawuri ma.

Amma zan yi jayayya da duk wanda ya ce a tsaya a sana'a kawai. Wannan tunani ne na raina talaka, kamar cikinsa ne kaɗai ke jin yunwa. Wani kawuna da ya yi ritaya daga aikin ƙaramar hukuma, hawan jini ya kama shi, na taɓa ba shi labarin irin wannan karatu. Bai bari na kai ƙarshe ba ya ce, "Ɗana, ni yanzu mi za ni yi da takarda? So nika yi in gane abin da likita ka faɗi in ya auna ni. Lamba biyu yaka rubutawa, ɗaya bisa ɗaya ƙasa, ban san wadda ka kashe mutum ba." Na ce, "Kawu, in an gama wannan fa, sai me?" Ya ɗan yi shiru, ya ce tarihin Kanta, sarkin Kabi na farko, yake so a karanta masa tun daga tushe, da yadda aka gina Surame, babban birninsa, da yadda aka bar ta, domin abin da ya sani guntu-guntu ne daga bakin makaɗa.

Buƙatu biyu ke nan daga bakin mutum ɗaya, kuma babu wadda ta fi wata daraja. Mutumin da ya tashi yana ganin bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934 kuma UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2016, yana da haƙƙin ya zauna da masani su tattauna sulhun Kabi da Sakkwato da ya haifar da shi. Limami yana da haƙƙin ya ji daga masanin taurari dalilin da ya sa jinjirin wata ke ganuwa a wani gari ya ƙi ganuwa a wani. Mai unguwa yana buƙatar sanin abin da dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ce, da bambancin takardar gwamna da ta ƙaramar hukuma, kafin rigimar fili ta kai kotu. Uwar da 'yarta ke karanta kimiyya tana so ta san abin da yarinyar ke yi da dare a gaban littafi. Yawan batutuwan shi ne ran abin. Mutum kan shigo ta ƙofar lissafin gona, zango na gaba ka same shi a ajin tarihi.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Na farko kuɗi, kuma matsalar ta fi ƙarfin talauci kawai. Shekaru da yawa ƙungiyoyin agaji da ma'aikatu sun saba wa mutanenmu da bita: a tara ku a otal kwana biyu, a ba ku abinci da jaka da biro, a ƙarshe a sa hannu a karɓi kuɗin mota. Har ta kai in ka gayyaci mutum wajen koyon wani abu, tambayarsa ta farko ita ce nawa za a bayar. Ba halinsa ba ne, tarbiyyar da aka yi masa ce. Gajeren kwas kuwa akasin haka yake nema, kai za ka biya. Ina ganin dole a biya ɗin, ko da kaɗan ne, ko da kuɗin kwanon shinkafa biyu ne a zango, domin wanda ya cire daga aljihunsa shi ke zuwa a kan lokaci ya kuma yi tambaya. Kuma kada a raba ko sisi, ranar da aka fara rabo ajin zai cika da waɗanda ba karatun ya kawo su ba. Amma ɗan wannan kuɗi ba zai biya malami da man janareta ba, balle tun da aka cire tallafin fetur a 2023 zirga-zirga ta yi tsada. Cikon dole ya fito daga wani wuri: ƙungiyoyin manoman shinkafa da na albasa su ɗauki nauyin ajin 'ya'yansu, masu injinan casa da ke amfana da kyakkyawar shanshera su sa hannu, attajiran da ke gina masallatai su tuna cewa ɗaukar nauyin aji shi ma sadaka ce mai gudana.

Haɗarin da na fi tsoro yana ɗaya gefen. Jami'o'inmu suna cikin ƙuncin kuɗi, kullum ana matsa musu su nemo kuɗin shiga da kansu. Idan aka miƙa gajerun kwasa-kwasai ga ofishin da aikinsa tara kuɗi ne, cikin shekara biyu za su koma kasuwar satifiket: a sa wa kwas suna mai nauyi da Turanci, a yanka kuɗi mai tsoka, ma'aikata su biya, wasu ko ajin ba za su leƙa ba, a buga musu takarda mai tambarin jami'a su kai ofis neman ƙarin girma. Manomi da kawuna kuma an sake barinsu a waje, wannan karon da sunan an yi musu abu. Maganin shi ne a raba layi biyu tun farko kuma kada a bari su cakuɗe. Layi ɗaya na masu son sani: ba sharaɗin shiga, ba jarrabawa, in ma za a ba da wata takarda ta zama shaidar halarta ce kawai wadda ba a cin aiki da ita. Layi na biyu na masu buƙatar shaida, kamar makaniki ko mai haɗa wutar sola da ke son a yarda da ƙwarewarsa: shi a gwada shi gwaji na gaske, da hannunsa, wanda ana iya faɗuwa. Takardar da ba a faɗuwa wajen samunta ba ta shaidar komai, kuma tana zubar da mutuncin jami'ar da ta buga ta.

Sai harshe. Idan da Turanci za a yi, a bar shi kawai, an riga an zaɓi waɗanda za su zo. Da Hausa za a yi, kuma wannan ya fi wuya ga malamin fiye da yadda ake zato. Akwai mai digiri uku a kimiyyar ƙasa da zai yi awa biyu yana bayani da Turanci ba gargada, amma ka ce ya gaya wa mahaifinsa dalilin da ya sa takin yuriya ke tashi a iska in an watsa shi a saman ƙasa ba a rufe shi ba, sai ya kama in-ina. Wanda ya iya wannan bayanin shi ya san abin da gaske. Cibiyar isar da binciken noma ga manoma ta Jami'ar Ahmadu Bello, wato NAERLS, ta daɗe tana fitar da bayanan noma da Hausa, sassan Hausa na jami'o'i sun yi aiki a kan kalmomin kimiyya, ba daga sifili za a fara ba. Kada kuma a manta Kebbi ba Hausa kaɗai ake ji ba. A ƙasar Zuru akwai Dakarkari, a Yawuri akwai Kambari da Gungawa, a bakin iyaka wajen Kamba akwai Zabarmawa da Dandawa, ga Fulani ko'ina. Hausa ta haɗa mu a kasuwa, amma tsohuwar da ke wani ƙauyen Zuru za ta fi sakin jiki ta yi tambaya da harshen da take mafarki da shi.

Wuri da lokaci su ma ba ƙaramin abu ba ne. Harabar jami'a tana bayan gari, da geti da masu gadi, kuma babba mai sana'a ba zai hau mashin ya je can da yamma ya dawo cikin duhu ba, balle a yankunan da tsaro ya taɓarɓare. Tun da aka kwashe ɗaliban makarantar tarayya ta Birnin Yawuri a 2021 mutanen kudancin jihar ba sa wasa da tafiyar dare. Malamin ne zai fito. Azuzuwan firamare suna nan a rufe daga azahar, ga ɗakunan taro na ƙananan hukumomi 21, ga makarantun Islamiyya da matan aure suka riga suka saba zuwa da yardar mazajensu, wanda nan ne ajin mata zai fi saurin samun karɓuwa, musamman in mace ce ke koyarwa. Kalandar jami'a kuma ba ta san damina ba. Wani zai ce a sa karatun da rani, amma mai shinkafar fadama da mai albasa ranin ne lokacin da ba su da sukuni. Masunci a Yawuri nasa lokacin daban, ɗan kasuwa ba ya taɓuwa ranar kasuwa, azumi kuma yana zagayawa. Ba a zama a ofis a yanke wannan, sai an tambayi masu zuwa. Waya za ta taimaka, a naɗi muryar darasi a tura ta WhatsApp ga wanda bai samu zuwa ba, rediyo ma haka. Amma ban yarda a mayar da abin gaba ɗaya kan intanet ba. Manyan dandalin karatu ta intanet da suka ɓullo a 2012 sun tara miliyoyin masu rajista, kaɗan ne ke kaiwa ƙarshe. Abin da ke dawo da babba aji mako bayan mako shi ne ya san akwai waɗanda za su tambayi dalilin rashin ganinsa.

Saura malamin kansa, kuma a nan ne shugabannin jami'o'in ke da abin yi wanda ba sai sun jira Abuja ba. Lakcara a Nijeriya da maƙalun da ya buga a mujallun ilimi yake samun ƙarin girma. Wanda ya kwashe zango yana zuwa Bunza ko Dakingari duk Asabar yana zama da manoma, a takardar kimanta aikinsa kusan bai yi komai ba, abokinsa da ya zauna a ofis ya rubuta maƙala biyu zai wuce shi. Ga azuzuwan digiri cike maƙil, ga albashin da ya jawo yajin aikin wata takwas a 2022. Ba adalci ba ne a ce ya ƙara wannan a kan kayansa don Allah kawai. Kwas ɗin da ba ya kaiwa ga digiri ba ya bi ta JAMB, majalisar jami'a ce ke da ikon tsara shi, ita ce kuma ke da ikon rubutawa a ƙa'idar ƙarin girma cewa zango ɗaya na karantar da mutanen gari yana da maki sananne, kuma ɗan littafin da malami ya rubuta da Hausa don ajinsa za a ƙirga shi cikin ayyukansa. A buɗe kuma wa waɗanda ba ma'aikatan jami'a ba su koyar a ƙarƙashin kulawarta: tsohon alƙalin kotun shari'a ya ɗauki ajin gado, tsohuwar ungozomar asibiti ta ɗauki na lafiyar mai ciki, tsohon malamin gona ya raba aji da farfesa, ɗaya ya kawo abin da ke littafi ɗaya ya kawo abin da ya gani a fadama. Jihar nan cike take da irin waɗannan mutane, suna zaune a ƙofar gida tun hantsi, kuma yawancinsu ko kuɗin mota aka ba su za su zo.